Zaman Gero Da Dawa Da Wake A Gona Guda

Wanda duk ya ratsa ƙasar Batsari ko ta Safana cikin watan Agusta, ya dubi gonakin da ke dama da hagu, da wuya ya ga wadda aka shuka abu ɗaya tak a cikinta. Ga gero ya yi kai, ga dawa tana bin bayansa ko alamar kai ba ta yi ba tukuna, ga wake a ƙasa yana neman yaɗo, wani wurin ga gyaɗa ko riɗi, can tsakiyar gona kuma ga gawo tsaye ba ganye, sai ka ce ya mutu. Baƙon da ya saba da gonakin Turai, inda a ke shuka alkama zalla iyakar ganin ido, in ya ga wannan sai ya ce hargitsi ne.

To, ba hargitsi ba ne, amma akwai tambaya a cikinsa wadda ta isa a tsaya a kanta. Kowane tsiro abu huɗu ya ke nema, watau ruwa, da hasken rana, da abincin da ke cikin ƙasa, da wurin da zai miƙa saiwa. Ƙasar Ruma da ta Safana kuwa ba ta da ruwa da abincin tsiro a yalwace. Galibinta jigawa ce, rairayi mai saurin shanye ruwa, daminarta wata huɗu ce daga Yuni zuwa Satumba, wata shekarar ma ba ta cika huɗun. In abinci kaɗan ne, masu ci kuwa da yawa, me ya hana mai ƙarfi ya cinye rabon marar ƙarfi? Wani lokaci ba abin da ke hana shi, cinyewa ya ke yi, manomi ya tashi da kara. Sanin inda a ke rabo da inda a ke ƙwace shi ne karatun wannan mako.

A shekarar 1934 wani masani na ƙasar Rasha, sunansa Gause, ya gwada wannan al'amari a cikin kwalba. Ya sami waɗansu ƙananan halittu na ruwa iri biyu, waɗanda ba a ganinsu sosai sai da madubin likita, abincinsu kuwa ɗaya ne. Da ya ajiye kowane iri a kwalbarsa, sai kowanne ya hayayyafa ya cika wurinsa. Da ya gama su kwalba guda, ya riƙa ba su abinci gwargwado ɗaya kullum, ba a yi makonni da yawa ba sai iri ɗaya ya ƙare ƙaf. Ba cin juna suka yi ba. Ɗayan dai ya fi saurin kai baki ga abinci, ya fi saurin haihuwa, ɗan'uwansa ya yi ta raguwa har ya ɓace. Daga baya ya sake gwadawa da wani iri na uku wanda ya fi son cin abin da ya kwanta a gindin kwalba, ya gama shi da mai ci a sama, sai ga su sun zauna tare, ba wanda ya ƙare. Daga nan masana suka fid da ƙa'ida, cewa iri biyu ba su daɗewa wuri ɗaya in bukatarsu ɗaya ce ta kowace fuska. In an ga sun daɗe, to, a bincika, akwai inda suka raba.

Tun kafin wannan, a 1859, Charles Darwin na Ingila ya lura cewa kokawar neman abinci ta fi tsanani tsakanin dangi na kusa, domin su ne bukatarsu ta fi kama da juna. Manomin gero ya san haka ko bai taɓa jin sunan Darwin ba. Babban abokin hamayyar gero shi ne gero ɗan'uwansa da ke rami ɗaya da shi. A kan zuba iri da yawa a rami sabo da tsoron iska mai rairayi da tsuntsu da ɓera, wannan kuwa daidai ne. Amma in an bar tsiro goma ko fi a rami har suka kai gwiwa, saiwarsu zurfinta ɗaya, ganyensu tsawonsa ɗaya, ƙishirwa kuma rana ɗaya ta ke kama su duka. Sai su fito sirara, kowanne da ɗan kai kamar yatsa. Don haka a ke rage su a bar biyu ko uku, tun suna mako biyu zuwa uku, ranar da aka sami ruwa ƙasa ta yi laushi. Wanda ya bar ragin nan sai ya gama da gyaɗarsa, ya riga ya yi hasarar da taki ba ya mayarwa.

Bayan ɗan'uwa sai ɗan baffa, watau shibra. Ita dangin gero ce na jini, barbara ce tsakaninsa da geron daji. Tana ƙarama ba a rarrabe ta da shi sai mai ido ƙwarai, ta ci takinsa, ta sha ruwansa, sa'an nan ta yi kai marar kirki, ta zubad da tsabarta a ƙasa tun kafin girbi don ta sake fitowa baɗi. Iska kuma ta kan kwashi garin furenta ta zuba wa geron kirki, irin da za a ajiye ya gurɓace. Maganinta shi ne a tumɓuke ta da zarar an gane ta, tun ba ta yi bununi ba, kuma a zaɓi kan iri a cikin gona, nesa da inda ta fito, kada a bari sai an ɗaure dami a ɗibi iri a ciki.

Yadda Su Ke Raba Damina

Gero da dawa, ko da ya ke duka hatsi ne, ba su ci lokaci ɗaya. Da ruwan shuka a ke sa gero, wani ma binne ya ke yi tun ruwa bai sauka ba. Yana tashi da sauri, ya ci ruwan farkon damina da ɗan ƙarfin da ƙasa ta tara da rani, cikin wata uku ya nuna. Duk wannan lokaci dawa, farfara ce ko ƙaura, tana ƙasa-ƙasa, tana kafa saiwa. Ga ido kamar an danne ta, kuma lalle an ɗan danne ta. Amma da an girbe gero a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, sai gona ta zama tata, hasken da ruwan duka su koma gare ta, cikin 'yan makonni ta miƙe ta wuce kan mutum. Abin da ya sa wannan tsari ya ke tafiya daidai shi ne dawar gargajiya ba ta ƙidaya kwanakinta daga ranar shuka. Tsawon yini ta ke bi. Sai yini ya fara gajarta ta ke fid da kai, watau daidai ɗaukewar ruwa, ta ƙarasa da laimar da ta rage a ƙasa, a yanke ta cikin Nuwamba. Ashe gona ɗaya ce, amma gero ya ci gaban damina, dawa ta ci bayanta.

Wake kuma wata hanya ya bi. Sai hatsi ya kafu a ke sa shi, galibi cikin Yuli. Waken gargajiya mai yaɗo yana jimre inuwa, ya kwanta ƙarƙashin gero yana jira, da an ɗauke geron sai ya bazu ya rufe ƙasa, ya hana ciyawa fita, ya hana rana ƙona laima. Bayan wannan, in an tono saiwarsa za a ga waɗansu ƙananan ƙullutai a jikinta. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu kamo sinadarin naitirojin daga iska su ba waken, shi ne sinadarin nan da manomi ke saye da tsada cikin buhun yuriya. Sabo da haka abin da dawa ta fi kwaɗayi a cikin ƙasa, wake ba ya takura mata a kansa ƙwarai. Haka gyaɗa, haka waken suya.

A nan akwai wata magana da ta bazu wadda ta ke bukatar gyara. A kan ce wake yana ciyad da dawar da ke kusa da shi. Abin da ya ke ba ta a wannan daminar kaɗan ne ainun. Alherinsa gare ta shi ne bai ƙwace nata ba. Amfanin takinsa sai baɗi, in saiwa da ganyen da ya zube sun ruɓe a gonar. In kuwa an tumɓuke shi ɗungum, aka ɗaure harawa aka kai kasuwa, to, takin ya bi motar da ta ɗauki harawar. Wanda ya ba dabbobinsa ita a gida, ya kwashe kashinsu ya mai da gona, shi ne ya rufe wannan ƙofa.

Masu gyaɗa suna da dabarar da a ke kira gicci. A shuka gyaɗa bisa kunya, sa'an nan a gitta layukan gero ko dawa nesa-nesa da juna, su ratsa kunyoyin. Gyaɗa ba ta son inuwa kamar yadda wake ke jimrewa, don haka a ke buɗa mata. Mai gona ya sami gyaɗarsa kusan cikakka, ga ɗan hatsi ƙari.

Wannan rabo na sama da ƙasa ba ga tsiro kaɗai ya tsaya ba. A 1958 wani masani a Amurka, Robert MacArthur, ya zauna yana kallon waɗansu ƙananan tsuntsaye iri biyar masu cin ƙwari a bisa itace iri ɗaya, ya tarar wani ya fi ci a ƙololuwa, wani a tsakiya kusa da gangar itacen, wani a rassan ƙasa. Mai kiwo ma yana ganin irin wannan kullum, balbela na bin sawun shanu tana kama farar da suka tayar, carki kuwa yana bisa gadon bayansu yana cire kaska.

Akwai lokacin da malaman gona da yawa su ke ɗaukar gaurayen shuka aikin rashin sani ne, suna kira a koma shuka zalla cikin layi. Abin da ya rage ƙarfin wannan magana shi ne awo. Wajen 1966 da 1967 wani masani na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, David Norman, ya bi manoman ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, ana rubuta abin da suka shuka da abin da suka girbe. Ya tarar fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙasar da su ke nomawa gauraye ce, kuma kuɗin abin da eka guda ta gauraye ke bayarwa ya fi na eka guda ta zalla, samunsa kuma ya fi tabbata daga shekara zuwa shekara.

Kowane manomi yana iya yin wannan lissafi da kansa. Ga misali, lambobin kuwa na misali ne kawai, kowa ya sa na gonarsa. A ce eka guda ta gero zalla ta ba da dami 40, eka guda ta wake zalla ta ba da buhu 4. Aka gama su a eka guda, aka sami gero dami 32 da wake buhu 2. Mai duban gero kaɗai zai ce an yi hasarar dami 8. Amma dami 32 sai da kashi 8 cikin 10 na eka za a same shi a zalla, buhu 2 kuma sai da rabin eka. In an tara, eka guda ta yi aikin eka guda da kashi 3 cikin 10. In lissafin ya fito ƙasa da eka guda, to, abubuwan nan biyu ƙwace su ke yi wa juna, gara a raba su. Wannan lissafi ya ƙara nauyi a gefen dajin Rugu, domin a shekarun da rashin tsaro ya tsananta, kamar 2019 da 2020, mutane da yawa sun bar gonakinsu na nesa, gida guda ya koma dogara ga ɗan abin da ke bakin gari.

Ga kuma zancen fari, wanda waɗanda suka ga 1973 da 1984 ba su bukatar a yi musu bayaninsa. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri dawa ce ke shan wuya, gero kuwa ya riga ya shiga rumbu. Shekarar da farkon damina ya yi gardama, gero ya lalace, dawa da wake su kan rufa asiri.

Inda Rabon Ke Ɓaci

Masara da dawa ba su da irin wannan jituwa. Tsawonsu ya yi kusa, yunwarsu ta yi kusa, ita masara kuwa ba ta da haƙurin gero a kan jigawa, kwana kaɗan na ƙishirwa lokacin da ta ke goyo sun isa su kashe amfaninta. Wanda zai gama su sai ya nemi masara mai saurin nuna, ya buɗa tazara, ya kuma tabbata yana da taki. Takin zamani shi ma yana sauya rabo, domin mai tsawo ya fi cin moriyarsa. Da an zuba yuriya da yawa sai hatsi ya yi duhu ya rufe sama, waken da ke ƙasa ya yi ta ganye ba 'ya'ya.

Sabon irin wake mai tsayuwa, mai nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki, ba ya iya jiran a girbe gero kamar na gargajiya. Kwanakinsa a ƙidaye su ke, in ya ƙare su cikin inuwa shi ke nan. Manoma da yawa sun sa shi yadda su ke sa mai yaɗo, bai yi ba, suka ce irin banza ne, alhali kuwa wurin zama ne ba a ba shi ba. Ma'aikatan cibiyar IITA da ke Kano sun fito da tsarin layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, a yi ta maimaitawa. Waken ya sami rana, feshinsa ya yi sauƙi, baɗi kuma a juya, hatsi ya koma inda wake ya tashi.

Ciyawa kuwa, su harƙiya da ƙarangiya da kyasuwa, ɓarnarsu mafi girma cikin makonni shida na farko ta ke, lokacin da saiwarsu da ta hatsi ke cikin taki ɗaya na saman ƙasa. Noman firi a kan kari ya fi maimai biyu a makare.

Itatuwan gona kowanne da halinsa, gawo kuwa shi ne abin mamaki a cikinsu. Da damina, lokacin da kowane itace ke tohowa, shi zubad da ganyensa ya ke yi, ya bar wa hatsi rana. Ganyen ya ruɓe a gindinsa daidai lokacin da tsiro ke bukata. Da kaka, an gama da gona, sai ya yi kore shar. Saiwarsa ta kan nutsa ƙwarai har ta tad da ruwan ƙarƙashin ƙasa, inda ta gero ba ta zuwa. Da bazara dabbobi su taru inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi da fitsari. A wani awo da aka buga a 1965 daga Bambey ta ƙasar Sanagal, geron da ke ƙarƙashin gawo ya ninka na fili har da ɗori. Ba banza ba sarakunan Damagaram na da suka hana saransa da hukunci mai tsanani. A tsallaken Jibiya, tun wajen 1984, manoman Maraɗi suka shiga barin tohon kututture a gonakinsu, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su sassabe sauran, har masu bincike suka ƙiyasta abin ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba dashe aka yi ba, ba ban ruwa, saiwar tana nan da ma a ƙasa.

Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya ba haka su ke ba. Da damina su ke da ganye, hatsin da ke ƙarƙashinsu ya kan ragu, na ƙarƙashin ɗorawa ya fi raguwa don inuwarta ta fi faɗi. Amma kalwa da man kaɗe da tsamiya kuɗi ne, kuma a hannun mata su ke shiga, sabo da haka mai gona ya auna kafin ya ɗauki gatari. Sau da yawa rage rassan ƙasa ya isa. Bedi kuwa, wanda asalinsa daga Indiya ne, saiwarsa ta kan bazu kusa da sama ta sha ruwan hatsi, wurinsa bakin hanya da iyakar gona. A kwarin Majiya ta Nijar, inda aka fara dasa shi layi-layi don tare iska a 1975, amfanin tsakiyar gona ya ƙaru, na gindin layin kuwa ya ragu.

Sabara da kalgo, waɗanda a ke sarewa kowace shekara wajen sharar gona a cinna musu wuta, sun cancanci a sake dubansu. Masu bincike a Sanagal sun nuna a 2018 cewa sabara ta kan jawo ruwa daga zurfi da dare, wani ya tsattsafo ta saiwoyinta na sama, geron da ke kusa ya sha. A sare ta da farkon damina don kada ta yi inuwa, amma a daddatsa ganye da ƙananan rassan a bar su a gonar.

Ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, ya fita daga wannan sahu duka, domin shi ba neman abinci ya ke tare da dawa ba, a jikinta ya ke ci. Ƙwayarsa kamar ƙura ce, tsiro ɗaya ya kan zubad da dubun dubata, ta kwanta a ƙasa fiye da shekara goma. Ba ta tsira sai ta ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa, sa'an nan ta manne wa saiwar ta riƙa tsotso. Kafin jan furen nan ya bayyana a sama, yawancin ɓarnar an riga an yi ta a ɓoye. Ga inda a ke kama shi: auduga da waken suya da gyaɗa su ma suna fid da irin wannan sinadari, ƙwayar ta tsira, ta nemi inda za ta kama ta rasa, ta mutu. A saiwar auduga ma aka fara gano sinadarin, a 1966. Don haka gonar da ƙuduji ya ci, a huta da sa mata hatsi, a sa waɗannan zalla shekara biyu ko uku, a ƙara mata takin gida, domin gonar da ta gaji ya fi so. Wanda ya fito kuma a cire shi kafin ya yi 'ya'ya, a tara a ƙone, kada a yar a kan iyaka. Wake yana da nasa ƙudujin dabam, wanda ba ya kama hatsi; irin wake SAMPEA 10 da aka fitar a 2008 yana daga cikin masu jimre masa.

Dabbobi Da Daji

Shanu da tumaki da awaki da raƙuma suna iya kiwo wuri ɗaya don bakinsu ba ɗaya ba ne. Saniya da harshe ta ke naɗo ciyawa, sai mai tsawo ta ke jin daɗi. Tunkiya tana da siririn leɓe, ta kan bi bayan saniya ta tsinci gajera. Akuya ganyen itace ta fi so, har ta miƙe bisa ƙafafun baya, raƙumi kuma ya ci na saman da ba mai kai wa. Da damina kowa da akushinsa. Da bazara ne a ke haɗuwa, ciyawa ta ƙare, saniya ma ta koma jiran makiyayi ya sassaro mata ganye, a nan ne mai babban ciki ke fara faɗuwa, akuya kuwa ta kai ruwan shuka da ƙafarta.

Dajin Ruma da Kukar Jangarai, wanda ya ratsa ƙasar Batsari da Safana, yana cikin wuraren farko da aka keɓe don kiwo a zamanin da aka yi dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965. Abin da ke faruwa ga makiyaya irin wannan in shanu sun yi mata yawa sananne ne. Gamba, wadda ke toho daga tushenta kowace shekara, ita shanu suka fi so, ita su ke fara cinyewa, in ba a bar ta ta huta ta yi 'ya'ya ba sai tushen ya mutu. Wurin da ta bari ba ya zama fili, tafasa da garmani da sauran abin da dabba ba ta so su ne ke gaje shi. A nan saniya ce ta shiga tsakanin ciyawa da ciyawa, ta danne mai amfani, ta ba marar amfani sarari. Daji yana nan kore ga ido, amma ba abinci.

Manomi da makiyayi ba iri biyu ba ne, 'yan Adam ne duka, amma sana'arsu ta daɗe tana bin tsarin gero da dawa. Gona ta manomi ce da damina, shanu suna daji, suna bin burtali zuwa mashaya. Da an kwashe amfani sai ta zama ta makiyayi, shanu su ci kara, su bar taki, har mai gona ya kan ba da hatsi don a kwana masa a gona. Abin da ya taɓa wannan tsari yana da yawa. Kara da harawa sun zama kayan sayarwa, ana kwashe su tas. Fadamar da shanu ke dogara da ita da rani ta zama lambu. Burtali ya tsuke. Waken da ke kai wa ƙarshen Nuwamba yana gona lokacin da makiyayi ke ganin kaka ta yi. Rikicin yankin nan yana da dalilai da suka wuce wannan nesa, amma wannan ɓangaren shi ne wanda ke hannun mai gona da mai unguwa da arɗo, watau a tsai da ranar sakin dabbobi tare, a yi shela, kowa ya ji.

Rogo, wanda ƙasar Batsari ta yi suna da shi, ya fi kowane amfani shiga wannan matsala. A watanni ukun farko yana tafiya a hankali, bai rufe ƙasa ba, ana iya cin gyaɗa ko wake mai saurin nuna a tsakaninsa ba tare da an cuce shi ba. Amma shi ba ya tashi da kaka. Yana nan da ɗanyen ganye cikin rani, lokacin da duk karkara ta bushe kuma dabbobi suna sake, don haka gonar rogo ba ta yiwuwa sai da shinge. Shingen ƙaya kowace shekara sai an sake shi, kuma daji a ke sara a yi shi. Na aguwa ko cini-da-zugu ya fi daɗewa, dabba ba ta damu da cinsu ba. Aguwa reshenta a ke yanka a kafa kusa-kusa a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, sai a tare ta da 'yar ƙaya a shekarar farko kafin ta yi kauri.